Sakkwato a Kan Babur, Daga Mabera Zuwa Sifawa

Wanda ya shigo Sakkwato ta Kwannawa a tsakiyar bazara, abu biyu ne za su tarbe shi tun bai sauke jaka ba: zafin rana da ƙarar babura. A watan Afrilu zafin garin nan yakan haura digiri 40, iskar da ke bugun fuska ma ba ta da sanyi ko kaɗan, amma titi cike yake da 'yan kabu-kabu da ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa, kowa a kan mashin ɗinsa. Mu mutanen Kano, da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a garinmu tun 2013 har Adaidaita Sahu ta gaje titi, mun fara manta yadda gari yake idan babur ne ƙafar kowa.

Ɗaurin aure ne ya kai ni. A mota na je, ta Funtuwa da Gusau da Talata Mafara, na bar nawa babur a gida, domin wannan hanya ba ta hawa babur ba ce a zamanin nan, kowa kuwa ya san dalili. Mai masaukina abokin karatuna ne, ya san yadda nake son mashin tun muna samari. Da aka tashi daga walima bai mayar da ni gida ba, sai ya goya ni zuwa Mabera, wajen wani bakanike da majalisarsu ke zama a gindin dogonyaron da ke gaban rumfarsa.

Majalisar ba ƙungiya ba ce, ba su da riga iri ɗaya, ba su da shugaba. Benci biyu ne da tabarma da butar shayi, sai mutanen da son babur ya haɗa. Akwai ɗan kabu-kabu mai Boxer, akwai wani Alhaji mai fataucin albasa da tsohon Kasea ɗinsa, akwai wani matashi ma'aikaci da ya sayi babban mashin mai ƙarar tsiya, sai wani dattijo, malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda kowa ke ce wa Baba. Shi Baba da Vespa yake zuwa, shuɗiya, a goge tas. Ya ce a hannun wani hedimasta ya saye ta, shi kuwa hedimastan da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata na 1975, ya fitar da ita sabuwa.

Ko gama gaisawa ba mu yi ba Alhaji mai albasa ya jawo ni cikin musu. "Malam, kai da kaz zaka daga Kano, raba muna gardama. Boxer da Kasea, wane yaf fi?"

Ɗan kabu-kabu bai bari na buɗe baki ba. "Alhaji, ai wagga ba gardama ba ta. Ni tun asuba nike bisa nau har dare, kai ko sai ranar kasuwa."

"Ranar kasuwa buhu nawa nika aza mishi? Aza ma naka ka gani!"

Aka yi dariya. Baba ya kurɓi shayi ya ce wa mai Boxer kada ya cika baki, domin kamfanin Bajaj na Indiya da ke ƙera masa mashin, da haɗa Vespa ya fara a wajajen 1960, da izinin Piaggio na Italiya, waɗanda suka fitar da ita tun 1946. "Ka ga ke nan naka jikan tawa na," in ji shi. Mai masaukina kuma ya shigo da Honda, ya ce duk injinan Chana da ake ta yabo kwaikwayon CG125 ne. A nan yana da gaskiya ƙwarai. Honda ta fitar da CG a 1975 ne bayan injiniyoyinta sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda mutane ke lafta wa babur kaya, ba sa juyen mai sai inji ya yi kuka. Suka koma suka ƙera inji mai sauƙi wanda zai jure sakaci, da soson tace iska da ake wankewa a mayar. Wannan tsarin ne masana'antun Chana suka ɗauka, shi ne a cikin babura da yawa da ke yawo a Arewa da sunaye iri-iri.

Duk wannan surutu maigidan rumfar bai ce uffan ba, yana tsugune yana ɗaure inji. Sai da ya gama ya goge hannu, ya aiki yaronsa ya ɗauko wani tsohon gwangwanin fenti. Cike yake da fistin da ringi da suka lalace. Ya zube su a ƙasa ya ce in duba in gaya masa wanne ne na Boxer, wanne na Honda, wanne na Chana. Duk cuta ɗaya ce a jikinsu: zane-zane a gefen fistin, wasu sun yi baƙi ƙirin, ɗaya ma ya narke a ka. Ya ce shekara da shekaru yana buɗe inji a garin nan, abu biyu yake tararwa, ƙonannen mai da ƙura.

Daga nan hira ta koma karatu, ni kuwa na gyara zama, domin abin da ya faɗa ya dace da ƙasar da yake zaune a kai. Waɗannan ƙananan babura ba su da ruwan sanyaya inji irin na mota. Iska ce ke sanyaya su, sai baƙin man da ke ciki, wanda bai wuce lita ɗaya ba. A garin da iskar kanta ta yi zafi, ga goyo, ga tsayuwa a cunkoson bakin kasuwa inji na aiki babu iskar da ke ratsa shi, man nan yakan tsinke da wuri ya daina riƙe ƙarfe. Shi ya sa masu kabu-kabun da suka san ciwon jarinsu suke juye duk mako, ba sa jiran mai ya yi baƙi. Ya ce mai kauri yake zubawa, 20W-50, kuma a gaban mai babur yake fasa galan, ba ya karɓar man awo da ake ɗurawa a gorar ruwa ba a san asalinsa ba. Ya kuma ja kunnen matashin nan da ke taƙama da man mota mai tsada: kulocin babur a cikin man inji yake wanka, wasu mayukan mota kuwa an yi musu haɗi don ƙara santsi, sai kuloci ya riƙa zamewa, ka murɗa totur inji ya yi ihu babur bai tafi ba.

Batun ƙura ya fi ɓata masa rai. Ya ce yara kan cire soson iska su jefar, wai mashin ya fi numfashi ya fi gudu. Gudun mako nawa? Ƙurar hunturu da guguwar bazara duk sai su wuce kai tsaye cikin inji, su haɗu da mai su riƙa cin ringi da bangon silinda, kafin damina babur ya fara hayaƙi yana shan mai. Gyaran kuwa ba ya cin ko kwabo: a ciro soson, a wanke da kananzir, a matse shi a tafin hannu ba tare da an murɗe shi ya yage ba, a bari ya sha iska, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a mayar.

Sai ya kwance fulogin mashin ɗin mai masaukina ya ɗaga shi a haske. Bakinsa ya yi fari fat. "Wa yam matse maka kafireta?" Abokina ya ce shi ya sa a rage masa shan mai. Wannan ita ce sabuwar cutar da ta shigo tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya har ta taɓa wuce dubu. Kowa so yake a matse masa. Amma in fetur ya yi ƙaranci iska ta yi yawa, wutar cikin inji takan ƙara zafi, a Sakkwato kuma babu sauran wurin ƙarin zafi. Fistin ɗin da ya narke a gwangwani, ya ce, abin da ya kashe shi ke nan. Fulogi mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake yi. In ya yi baƙi da toka, fetur ya yi yawa ko soso ya toshe. In ya yi fari, inji na ƙuna. Ya sassauta masa kaɗan, ya kasa kunne, ya ƙara taɓawa, har ƙarar ta daidaita. Na daɗe ina hawa babur, na kuma zauna da bakanikai da dama, amma ban cika ganin wanda yake bayyana wa mai abu dalilin gyara kamar wannan bawan Allah ba. Irinsu ne ya kamata a riƙa kai wa yara koyon sana'a.

Da magariba ta matso na faɗi abin da ke raina. Na ce ina so a ba ni aron babur mu je Wurno, in ziyarci kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can a 1837, in hali ya yi mu zarce madatsar ruwan Goronyo. Baba ya girgiza kai. Ya ce da can hanyar da suka fi so ke nan, su bi ta Achida su sha fura, su kai Wurno su yi ziyara, su dawo da la'asar. Yanzu sun daina. Ba wai mutane ba sa bin hanyar ba ne, ana bi kullum don dole. Abin da ya hana su shi ne, ayarin babura ya zama abin tsoro a gabashin jihar. "In munka shiga ƙauye mu shida a jere, mata na kwasar ɗiyansu su sheƙa daji kafin su gane ko mu su wa ne. Mi za mu ce ma Allah?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai. 'Yan bindiga sun kashe mutane, sun kore dabbobi, sun tashi garuruwa a wajajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, wannan shi ne babban bala'in, babu abin da za a haɗa shi da shi. Amma a cikin ɓarnar da suka yi har da ɓata sunan abin hawan talaka. Babur ɗin da ke kai mai naƙuda asibiti, ya kai malami makarantar ƙauye, ya fito da albasa daga fadama, shi ne yau ake jin ƙararsa gaba ya faɗi. A 2021 gwamnatocin jihohin Arewa maso Yamma, har da ta Sakkwato, sun taƙaita zirga-zirgar babura da dare, sun hana sayar da fetur a jarka a wuraren da abin ya yi ƙamari. Wanda ya ɗanɗana kuɗar dokar sosai shi ne mai neman abinci da halaliyarsa. Har yau mai hawa Honda Ace, irin wanda 'yan ta'addan suka fi so saboda ƙarfinsa a daji, ya fi kowa shan tambaya a shingen bincike, ko da takardunsa a aljihu.

Aka tsayar da shawara a kan Sifawa da Boɗinga, ta hanyar Birnin Kebbi, a fita bayan sallar asuba a dawo kafin rana ta take.

Gari bai gama wayewa ba muka hallara a rumfar. Maigida ya bi babura ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada iskar taya tun tana da sanyi, ya ce in ta hau kwaltar rana iskar ciki za ta ƙaru da kanta, wanda ya cika ta tam da safe shi ke jin fashewa da azahar. Ya sa yatsa ya ɗaga kowace sarƙa, yana neman wasan da bai wuce faɗin yatsa biyu ba. Ta matashin ta yi tsauri, ya sassauta, ya ce sarƙar da aka ɗaure tamau ita ke cin boris da haƙoran da take hawa, kuma ranar da za a canza ta a canza su tare, in ba haka ba tsofaffin haƙora su cinye sabuwa. Baba kuma ya fito da ɗan ƙoƙon awonsa. Injin Vespa irin na da ne mai haɗa fetur da mai a tanki ɗaya, kashi biyu cikin ɗari, wato mililita 20 a kowace lita. Ya auna ya zuba ya girgiza ta, ya ce tun da ya mallake ta bai taɓa zubawa da ka ba.

Ni CG aka ba ni. Tsarin tafiyarsu ya burge ni: Baba a gaba, tunda tasa ce mai ƙaramin gudu, kowa ya bi sawunsa, maigida a can baya da jakar sifana da filaya da tub. Babu mai wuce wani, an kuma bar tazara mai yawa a tsakani don kada a yi kama da ayari. Muka wuce jami'ar jiha da mahaɗar filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar III, gari ya ƙare, fili ya buɗe. Gonaki duk a share suna jiran ruwa, ƙasa ja da fari, babu kore sai dogonyaro da gawo, wanda shi da rani yake fitar da ganye. Muna ta cin karo da masu shigowa birni: raƙuma da kaya, jakuna, 'yan mata da ƙoren nono, da babura da aka ɗaure wa buhunan albasa har direba ya koma zaune a kan tanki. Iskar safiyar nan, kafin rana ta ɗaga, ita ce ribar wanda ya yi sammako.

Sifawa ƙaramin gari ne, wanda bai sani ba zai wuce shi bai waiwaya ba. Nan ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan an ci Alkalawa a 1808 yaƙi ya lafa. Ya baro Gwandu ya yi kusan shekara biyar a nan yana karantarwa yana rubutu, kafin ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna, kusa da shi. Baba ne ya yi mana wannan bayani muna tsaye muna shan koko da ƙosai, ya ce shekarun da ya yi yana koyar da tarihin nan a aji, sai da ya fara zuwa da ƙafarsa ya ga kusancin garuruwan biyu sannan ya gane yadda malaman nan suke haɗuwa a kai a kai. Mutanen garin suka tarbe mu da fara'a, wasu dattawa suka kewaye Vespa suna tuna waɗanda suka taɓa mallakar irinta.

Daga Boɗinga Alhaji mai albasa ya ce sai mun leƙa ƙauyensu mun gaida mahaifiyarsa. Muka sauka daga kwalta muka shiga rairayi, a nan ne aka gane su wa suka tashi a ƙasar. Alhaji da ɗan kabu-kabu suka ratsa kamar ba yashi ba. Matashin mai babban mashin, da gabansa ya fara rawa, sai ya damƙe birkin gaba, tayar ta nutse, ya kwanta a gefe. Bai ji ciwo ba, aka ɗaga shi ana yi masa sannu. Alhaji ya koya masa a taƙaice: ka saka giya ta biyu, ka riƙe totur daidai kada ka saki, ka ja jikinka baya, ka sassauta hannu ka bar kan mashin ya nemi hanyarsa, ka kalli inda za ka, birkin gaba kuwa ka manta da shi. In yashin mai nisa ne a rage iskar taya kaɗan, a mayar in an hau kwalta. Da muka dawo ta wurin ya wuce lafiya.

A cikinmu matashin nan kaɗai ne da ni muke da hular kwano, wannan kuwa ban ɓoye musu ra'ayina ba. Sun ce zafi, na yarda akwai zafi. Sun tuno lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sanya ta a farkon 2009, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka, aka yi ta dariya. Amma na ce musu mutumin da ke auna mai da mililita don tausayin fistin, bai kamata ya bar kansa a buɗe a kan kwalta ba. Fistin ana sayar da shi a kasuwa. Akwai huluna masu buɗaɗɗiyar fuska da ramukan iska waɗanda za a iya jurewa ko a bazara. Maigida ya goyi bayana, ya ce ya san gidajen da aka bar marayu saboda faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba. Baba ya yi shiru, daga baya ya tambayi nawa ake sayar da irin tawa a Kano.

A hanyar dawowa ƙayar aduwa ta huda tayar bayan Kasea. Muka raɓe a inuwa, maigida da ɗan kabu-kabu suka kwantar da shi, suka zare tub suka sa sabo, aka buga iska da famfon hannu. Baba na zaune a kan Vespa yana nuna musu tayarsa ta safaya da ke ɗaure a jiki, yana cewa shi da tuni ya kwance ƙusoshi ya musanya ya yi gaba. Wannan ya tayar da sabon musu a kan taya marar tub. Matashin ya ce ita ce ta fi, ƙaya ta shiga iska ba ta fita lokaci ɗaya, ka lallaɓa har gari. Alhaji ya ce a birni ne wannan, a ƙauye kowane mai faci ya iya tub, kuma wili mai waya ya fi jure rami da lodi, in ya lanƙwashe a miƙe shi. Kowannensu da gaskiyarsa gwargwadon inda yake bi.

Muka shigo gari wajen ƙarfe goma sha ɗaya, kwalta ta fara turiri. Da yamma suka kai ni Kwalkwalawa cin kifi, a bakin gadar Rima da ke hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, hanyar da ambaliyar 2010 ta yanke har jami'ar ta rabu da gari. Fadamar ta yi kore shar da albasa da shinkafar rani, injinan ban ruwa na ta ƙara. Ɗan kabu-kabu ya ce yawancin masu gyaran injinan nan bakanikan babur ne, tunda fulogi da kafireta duk ɗaya ne, kuma da rani sun fi samun ciniki a fadama fiye da cikin gari.

A nan aka ɗauko zancen tafiya ta gaba. Argungu suke so, kimanin kilomita 100 daga Sakkwato, su ga gidan tarihin Kanta su ci kifi su kwana. Matashin ya ce sai dai a bar Vespa a gida, ba za ta kai ba. Baba ya ajiye ƙashin kifi ya dube shi. "Ɗana, wagga ta tai Argungu tun ba a haife ka ba. Kai dai koyi shiga rairayi." Aka sa rana bayan babbar salla, in ruwa ya sauka gari ya yi sanyi. Maigida ya ce duk mai zuwa ya kawo mashin ɗinsa kwana biyu kafin tafiya a duba bawul da birki, kuma ba zai bi bayan wanda ya zo babu soson iska ba. Ni aka ɗora mini sayo huluna huɗu daga Kano, har da ta Baba.